Jagorar Tara Sulallan 'Yan Kasuwa da na Gandaye

Ba duk ƙarfen da aka yi ciniki da shi a duniya ba ne ya fito daga hannun hukuma. Tun daga ƙarni na 17 har zuwa tsakiyar ƙarni na 20, masu kantuna da kamfanonin haƙar ma'adinai da masu manyan gandayen kofi da taba da rake sun riƙa buga sulallan kansu, suna sa sunayensu a kai, suna ba da canji da su ko kuma suna biyan leburori. Da hukumomi suka haramta su, galibinsu narkarwa aka yi ko aka zubar, shi ya sa waɗanda suka tsira suka zama abin nema wurin masu tara tsofaffin kuɗi. Darajar irin wannan kwandala ba a cikin ƙarfenta take ba, domin yawanci jan ƙarfe ne ko tagulla ko tutiya. Darajarta tana ga iya danganta ta da mutumin da ya buga ta, da wurin da ta yi aiki, da mutanen da aka biya da ita. Duk matakan da ke ƙasa hanyoyi ne na tabbatar da wannan dangantaka da kuma kiyaye ta.

Mataki na farko: san dalilin da ya sa aka buga su

Kafin ka kashe ko sisi, ya kamata ka iya rarrabe dalilai uku da suka haifar da waɗannan sulalla, domin dalilin bugu shi ne yake nuna yawan da aka buga, da irin lalacewar da za ka tarar a jikinsu.

Dalili na farko shi ne ƙarancin canji. A Ingila, tsakanin 1648 da 1672, hukuma ba ta fitar da isassun ƙananan kuɗin jan ƙarfe ba, sai masu shaguna da masu masauki suka buga nasu, har aka lissafa iri fiye da 12,000, kafin Sarki Charles na Biyu ya hana a 1672 ya fito da nasa. Matsalar ta sake dawowa a ƙarshen ƙarni na 18, inda a 1787 kamfanin haƙar jan ƙarfe na Parys da ke tsibirin Anglesey ya buga kwabo mai nauyi don biyan ma'aikatansa, sauran 'yan kasuwa kuma suka bi sahu. Haka aka yi a Amurka lokacin yaƙin basasa, inda aka riƙa buga su daga 1861 zuwa 1864, sa'ad da jama'a suka ɓoye kuɗin gwamnati saboda tsoro. Wani mai gidan shaye-shaye a birnin New York, Gustavus Lindenmueller, ya fitar da kimanin miliyan ɗaya a 1863, kuma da kamfanin jirgin titi na Third Avenue ya tara masu yawa ya kawo masa don ya fanshe su, sai ya ƙi. Irin wannan rikici na daga cikin abin da ya sa Majalisar Amurka ta haramta su a 1864.

Dalili na biyu ya fi nauyi a zuciya, kuma shi ne ya shafi gandaye da ma'adinai. Mai gandu yakan biya lebura da ƙarfen da ba ya ciwuwa a ko'ina sai a kantin gandun, inda shi mai gandun ne yake yanka farashi. A gabashin tsibirin Sumatra na Indunusiya, inda kamfanin Deli ya kafu a 1869 don noman taba, an kawo leburori daga Sin da Jawa a kan yarjejeniyar da dokar 1880 ta sa karya ta ya zama laifin da ake hukuntawa, kuma da yawa daga gandayen suna da kuɗinsu na kansu. A hamadar arewacin Chile, ma'aikatan haƙar gishirin taki da irin waɗannan sulalla ake biyansu, kuma soke su na cikin buƙatun masu yajin aikin da sojoji suka buɗe wa wuta a makarantar Santa María ta garin Iquique ranar 21 ga Disamba, 1907. A Meksiko sai da tsarin mulkin 1917 ya fito fili ya hana biyan albashi da wani abu in ba kuɗin ƙasa ba. Wanda zai tara waɗannan ƙarafa ya dace ya san cewa da yawansu shaidar zalunci ce, ya kuma rubuta wannan tarihi tare da su.

Dalili na uku shi ne ƙidaya. A Kosta Rika, tun wajen shekarun 1840, mai tsinkar kofi yakan karɓi kwandala ɗaya a kan kowane ma'auni da ya cika, ma'aunin da ake kira kahuwela mai cin kimanin lita 20, sannan a ƙarshen mako ya kai su a musanya masa da kuɗi. Irin waɗannan sau da yawa ba su da adadin kuɗi a jikinsu, sai sunan gandu ko haruffan farko na sunan mai shi kawai.

Mataki na biyu: zaɓi fage ɗaya, ka tsaya a kansa

Kuskuren da ya fi cin dukiyar sabon shiga shi ne sayen duk abin da ya burge shi. Fagen nan yana da faɗi ƙwarai, kuma ba wanda zai iya sanin jabun Sumatra ya kuma san na Hawai da na Gwatamala a lokaci guda. Ka zaɓi ƙasa ɗaya, ko amfanin gona ɗaya, ko kamfanin bugu ɗaya, ka yi shekara kana karatu a kansa.

Idan aljihunka bai da nauyi, sulallan kofi na Kosta Rika da na 'yan kasuwan Ingila na 1787 zuwa 1797 da na yaƙin basasar Amurka su ne ƙofa mafi sauƙi, domin akwai masu yawa a kasuwa, kuma an rubuta kundaye masu kyau a kansu. Na gandayen rake na Hawai, kamar na Wailuku da na Haiku na 1882, suna da tsada ƙwarai saboda masu tara kuɗin Amurka suna rububinsu, ba wurin koyo ba ne. Na taba na Sumatra da arewacin Borneo suna tsakiya, kuma suna da daɗin kallo saboda siffofinsu: akwai mai kusurwa huɗu, da mai uku, da mai takwas, da mai siffar ƙwai, wanda hakan ya sauƙaƙa wa leburan da bai iya karatun Turawa ba ya gane su da hannu, wasu kuma suna ɗauke da rubutun Sinanci.

A ganina, mai karanta Hausa yana da wata dama da yawancin masu tarawa a Turai ba su da ita, wato sabawa da haruffan Larabci. A shekarun 1830, 'yan kasuwan Singafo sun sa an buga musu ƙananan sulallan jan ƙarfe a Birmingham, waɗanda ake kira kefin, da yawa da hoton zakara, da rubutun Malayanci cikin haruffan Larabci da shekarar Hijira. Wanda ya saba da ajami zai riƙa bin rubutun cikin kwana kaɗan. A nan Afirka ta Yamma ma akwai biyu da suka cancanci nema. Ɗaya ita ce kwabon da kamfanin Macaulay da Babington ya sa aka buga wajen 1814 don Saliyo, mai ɗauke da shekarar 1807 ta hana cinikin bayi a daular Birtaniya, fuskarta Bature da baƙin mutum suna musafaha, bayanta kuma rubutun Larabci ne. Ɗayar ita ce ta Macgregor Laird ta 1858, ɗan kasuwan da ya tura jiragen ruwa kogin Kwara ya kuma kafa wuraren ciniki a Onitsha da mahaɗar Kwara da Binuwai kusa da Lakwaja. Tana da hoton jirgi da sunan Laird, kuma ƙimarta ɗaya bisa takwas na kwabo ce, wato ɗaya bisa 400 na dalar azurfa ta wancan zamani (ba dala mai sule biyu ba), ƙimar da aka ƙanƙanta ta haka don ta yi daidai da kasuwar da wuri ne kuɗinta. Tara sulallan 'yan kasuwa na Afirka, har da na kamfanin Strachan na gabashin Griqualand a Afirka ta Kudu, masu ƙimar taro da sisi da sule da dala, fage ne da mutum ɗaya zai iya rungumarsa.

Mataki na uku: sayi kundi kafin ka sayi kwandala

Kowane fage yana da kundin da dillalai suke kafa hujja da shi, kuma lambar da kundin ya ba kwandala ita ce sunanta a kasuwa. Na Ingila na ƙarshen ƙarni na 18 da lambobin Dalton da Hamer ake kiransu, na yaƙin basasar Amurka da na George da Melvin Fuld, na Latin Amurka da na Russell Rulau, na yankunan Birtaniya na Asiya da na Pridmore, na Afirka ta Yamma kuma da na David Vice. Shafin Numista na intanet yana da hotuna da nauyi da faɗi na da yawa, kuma gidajen gwanjo suna barin sakamakon cinikinsu na baya a buɗe, sai dai jama'a ne suke cika shafukan kyauta, saboda haka a riƙa gwada abin da suka ce da kundi.

A cikin kundin ne za ka koyi ma'aunin ƙaranci. Na Fuld, alal misali, yana tashi daga R-1, wato an san fiye da 5,000, zuwa R-5 mai 75 zuwa 200, har R-10, wato ƙwaya ɗaya tak aka sani. Abu biyu za ka riƙe game da wannan. Ƙididdigar hasashe ce ta lokacin da aka rubuta kundin, kuma idan aka rushe tsohon ofishin wani gandu aka tarar da jaka cike, abin da jiya ake cewa ba a samunsa sai ya cika kasuwa. Sannan ƙaranci shi kaɗai ba ya kawo tsada. Akwai sulallan gandu da ba su wuce goma a duniya ba amma farashinsu bai taka kara ya karya ba, saboda masu nemansu ba su wuce uku ba.

Mataki na huɗu: kayan aiki

Ba su da yawa. Kana buƙatar sikelin lantarki irin na masu sayar da zinariya mai auna har ɗaya bisa ɗari na giram, da ma'aunin faɗi da kauri irin na makanikai, da gilashin ƙara girma mai ninki goma, da ƙaramin maganaɗisu, da fitila mai haske fari, da tsumma mai laushi da za ka shimfiɗa a kan tebur. Kwandala a gefenta ake riƙe ta, da hannu mai tsabta kuma busasshe, domin gumin yatsa yana barin tabo a jan ƙarfe wanda ba ya fita.

Mataki na biyar: karanta kwandalar, ka gano mai ita

Ka ajiye ta ƙarƙashin fitila ka rubuta duk abin da ke fuskarta da bayanta da gefenta harafi bayan harafi, har da kuskuren rubutu idan akwai. Kada ka manta da gefe, domin a sulallan Ingila na shekarun 1790 a nan ake rubuta inda za a fanshe su, kuma sau da yawa rubutun gefe ne kaɗai yake raba mai arha da mai tsada. Sai ka auna nauyi da faɗi da kauri, ka kuma juya ta daga sama zuwa ƙasa ka ga ko bayan yana tsaye ko a kife, ka rubuta.

Daga nan ka nemi sunan maƙerin da ya buga ta, wanda yakan kasance da ƙananan haruffa kusa da baki. Gandaye kaɗan ne suke bugawa da kansu. Yawanci oda suke aikawa ga kamfanoni irin su Heaton na Birmingham, ko Lauer na Nuremberg a Jamus, ko Scovill na Waterbury a Amurka, ko Moise da Klinkner na San Francisco waɗanda suka yi wa gandayen Amurka ta Tsakiya aiki. Sanin shekarun da kamfani ya yi aiki da wani suna yana taimakawa wajen ƙiyasta lokacin kwandalar da ba ta da shekara. Ƙarfen ma yana ba da shaida: alminiyum bai yi arha ba sai bayan da aka gano sabuwar hanyar tace shi a 1886, saboda haka duk wanda ya kawo maka kwandalar alminiyum ya ce ta shekarun 1860 ce, akwai magana.

Shekarar da ke jikin kwandala ba kullum ce shekarar bugu ba, kuma wannan yana ruɗa mutane da yawa. Kwabon Saliyo da aka ambata yana ɗauke da 1807 alhali an buga shi bayan shekaru. Wasu sulallan 'yan kasuwan Singafo suna ɗauke da 1804 da 1219 ta Hijira, saboda kwaikwayon kuɗin da kamfanin Birtaniya na Gabashin Indiya ya buga wa Sumatra aka yi, alhali a shekarun 1830 aka buga su. Kamfanoni kuma sukan sa shekarar kafuwarsu. Don mayar da shekarar Hijira zuwa ta Miladiyya a gurguje, ka ninka ta da 0.97 ka ƙara 622, sai ka ga 1247 ta faɗo a 1831 zuwa 1832.

Mafi wuya su ne waɗanda ba su da sunan gari ko ƙasa, sai haruffa biyu ko uku da lamba. A nan ne ake yawan ƙarya, domin dillali zai iya cewa haruffan na wani sanannen gandu ne don farashi ya tashi. Kada ka karɓi dangantawar da ba ta da madogara. Madogara ita ce kundi ya kawo ta da hoto, ko an same ta a wurin gandun, ko sunan ya fito a tsohon littafin adireshin 'yan kasuwa ko takardun filaye na yankin. Idan babu ko ɗaya, ka saye ta a farashin wadda ba a san mai ita ba, ka kuma rubuta ta haka a rajistarka. Wani lokaci za ka ga an buga ƙaramin tambari a kan rubutun farko, ko an huda ta, ko an datse gefe. Wannan sau da yawa alama ce ta cewa gandun ya canza hannu ko an sauya ƙimar kwandalar, kuma a sulallan kofi irin wannan tambari yana ƙara mata tarihi, ba lahani ba ne.

Mataki na shida: rarrabe ta gaske da jabu

A wannan mataki ne ya kamata ka fi daɗewa, domin abin da ba na gaske ba kala huɗu ne, kuma kowanne da hanyar kama shi.

Na farko shi ne zubi. Galibin sulallan gaske bugu ne, wato an matse ƙarfe tsakanin hatimi biyu da ƙarfi, shi ya sa haruffansu suke da kaifi, filinsu kuma sumul. Mai jabu yakan ɗauki siffar ta gaske a ƙasa ko wani abu ya zuba narkakken ƙarfe, yadda maƙeran farfaru suke zubin munduwa. A ƙarƙashin gilashi za ka ga ƙananan ramuka da ƙuraje a filin, haruffan sun yi kumburi kamar sun narke, a gefe kuma akwai layin haɗi ko alamar zarton da aka goge shi da shi. Nauyi yakan gaza, faɗi ma yakan ragu kaɗan saboda ƙarfe yana tsukewa idan ya huce. Sai dai a lura, akwai sulallan da tun asali zubi ne ko aikin maƙerin gandu, musamman na dalma da kuza, don haka kundi ne zai gaya maka yadda aka yi ta asali.

Na biyu shi ne sabon bugu da hatimin kwaikwayo. Wannan ya fi wuyar kamawa, kuma maganinsa shi ne gwada ta da hoton wadda aka tabbatar, wuri bayan wuri. Ka ƙirga ɗigogin da suka kewaye baki, ka duba inda ƙafar wani harafi ta nufa, ka duba tazarar da ke tsakanin lambobin shekara. Hatimi ɗaya ba ya canza waɗannan. Idan jan ƙarfe ko tagulla aka ce maka amma maganaɗisu ya kama ta, magana ta ƙare. Idan kuma ka ga ƙwaya uku a hannun mai sayarwa ɗaya, dukansu da ƙarzuwa iri ɗaya a wuri ɗaya, to daga uwa ɗaya aka kwafo su.

Na uku shi ne maimaicin bugu da hatimin asali bayan shekaru, da kuma haɗa fuskar wata da bayan wata. Tun a shekarun 1790 masu bugu a Ingila suka gane cewa masu tarawa suna biyan kuɗi a kan abin da ba a saba gani ba, sai suka riƙa haɗa hatiman da ba su da alaƙa. W. J. Taylor na Landan ya yi suna wajen maimaita bugu da tsofaffin hatimai a ƙarni na 19. Waɗannan suna da masu nemansu kuma kundaye suna lissafa su, amma ba su taɓa shiga hannun lebura ko mai cefane ba, bai kuma kamata a biya su kuɗin na asali ba. Alamarsu ita ce ƙananan ƙuraje da tsatsar hatimi ta bari, tare da ƙyallin da bai dace da shekarunsu ba.

Na huɗu shi ne ƙagaggen abu wanda bai taɓa wanzuwa ba: a ƙirƙiri sunan gandu ko kanti, a buga, a tsufar da shi da sinadari. A Amurka dokar 1973 ta wajabta sa alamar kwafi a jikin kwaikwayon tsofaffin kuɗi, amma masu bugawa a wasu ƙasashe ba ruwansu da ita. Ƙa'idar da nake bi ita ce, duk kwandalar da labarinta ya fi ƙarfin shaidarta, a bar ta. Wasu kaɗan suna da kariya ta musamman, kamar na tsibiran Cocos da ke tekun Indiya, na 1913, waɗanda iyalin Clunies-Ross suka fitar don ma'aikatan gandun kwakwarsu, aka kuma yi su da wata roba mai kama da hauren giwa, kowace da lambarta. Lambar tana ba ka damar bin sawun ƙwayar a tsofaffin gwanjo, ka kuma gane idan lamba ɗaya ta fito a jikin ƙwaya biyu.

Mataki na bakwai: kimanta lafiyarta, sannan ka saya

Kamfanonin tantancewa irin su NGC da PCGS suna ba da maki daga 1 zuwa 70, suna rufe kwandala a cikin roba mai lamba. Ga mai tsada, musamman ta Hawai ko wata da aka san ana yawan jabunta, wannan kariya ce da ta cancanci kuɗinta. Ga sulallan gandu na yau da kullum kuwa, kuɗin tantancewa yakan fi kuɗin kwandalar. Kada kuma ka auna su da ma'aunin kuɗin gwamnati. Abin da ya yi shekaru a aljihun mai tsinkar kofi cikin laima da gumi ba zai fito da ƙyalli ba, kuma idan ƙwaya biyar ce aka sani, wadda ta side amma rubutunta yana karantuwa abin saye ce. Abin gudu shi ne wadda aka goge da yashi, da wadda aka toshe hudarta, da wadda aka sake zana haruffanta da hannu.

Kafin ka taya, ka nemi farashin da irinta ta faɗi a gwanjo a shekarun baya, wato abin da aka biya, ba abin da masu sayarwa suke nema ba. Gidaje irin su Noonans da Spink a Landan, da Heritage da Stack's Bowers da Stephen Album a Amurka, suna fitar da irin waɗannan kaya. Ka tuna cewa a kan farashin da aka buga guduma akwai la'adar gidan gwanjo, wadda takan kai kashi 20 cikin 100 ko fiye, sannan ga kuɗin aikowa da inshora da kwastan da canjin kuɗi. Ka lissafa duka, ka yanke iyakarka tun kafin a fara, kada zafin gasa ya sa ka wuce ta. Wurin ɗaiɗaikun dillalai kuwa, ka nemi hoton fuska da baya da gefe, da nauyi da faɗi, da alkawarin karɓar kaya idan ta tabbata jabu ce. Wanda ya ƙi ba da nauyi, ka bar masa kayansa.

A kasuwannin tsofaffin kaya na gida, kamar Kurmi a Kano, abin da za ka fi tararwa shi ne kwabo mai huda da anini da sauran kuɗin zamanin Turawa. Waɗannan kuɗin hukuma ne, ba na 'yan kasuwa ba, amma yana da kyau a tona tulin da haƙuri, da gilashi a hannu.

Mataki na takwas: kada ka goge, ka adana

Launin tsufa mai ruwan ƙasa da ke jikin jan ƙarfe kariya ne gare shi kuma shaida ce ta shekarunsa. Wanda ya sa lemun tsami da toka ko man goge ƙarfe ya fito da ita tana walƙiya ya zubar da mafi yawan darajarta cikin minti ɗaya, kuma ba a mayarwa. Idan datti ne kawai, a jiƙa ta a tataccen ruwa, a ɗauraye, a ɗora a kan tsumma ta bushe ba tare da gogawa ba. Idan maiƙo ne ko danƙon tef, tsantsar sinadarin asiton yana cire shi daga ƙarfe, a wuri mai iska nesa da wuta. Amma kada asiton ya taɓa na roba, irin na Cocos ko na Chile waɗanda da yawansu da taurararriyar roba aka yi, domin zai iya ɓata su. Waɗannan kuma a nisanta su da rana, saboda haske yana kashe musu launi.

Koren da ke fitowa a jikin jan ƙarfe, idan ya bushe ya manne, ba ya cutarwa. Wanda ake tsoro shi ne kore mai haske mai kama da gari, wanda idan ka taɓa shi da tsinke yake zuba, domin gishiri ne da laima suke cin ƙarfen daga ciki, kuma yana ci gaba. Irin wannan a ware ta daga sauran, a ajiye ta a busasshen wuri, a nemi masanin gyaran kayan tarihi.

Kowace ƙwaya a ba ta gidanta, ko 'yar ambulan ta takarda marar asid ko aljihun roba mai tauri wanda ba shi da PVC. Roba mai laushi mai wari tana fitar da wani maiƙo kore bayan shekaru wanda yake cin jan ƙarfe. A sa su a akwati mai rufuwa ruf tare da 'yan ƙunshin nan masu tsotse laima da ake samu a kwalin takalmi ko na magani, a riƙa sauya su, musamman da damina. Na tutiya da na baƙin ƙarfe su ne suka fi saurin lalacewa, su za a fi dubawa.

Mataki na tara: rajista da doka

Ga kowace ƙwaya ka buɗe shafi: sunan wanda ya fitar da ita, gari da ƙasa, ƙima, ƙarfe, nauyi, faɗi, lambar kundi, wurin da ka saya da rana da farashi, da hoton fuska da baya. Duk tsohuwar ambulan ko 'yar takardar da ta zo da ita, kada ka yar, domin rubutun hannun wanda ya mallake ta a da shi ne salsalarta, kuma kwandala mai salsala ta fi samun mai saye da kwanciyar hankali. A ƙasan shafin ka ƙara abin da ka gano game da gandun ko kantin: abin da ake nomawa, daga ina aka kawo leburori, me kwandalar take saye a kantin, yaushe aka daina amfani da ita. A Sri Lanka, alal misali, cutar tsatsar ganye da ta bayyana a 1869 ita ce ta durƙusar da noman kofi aka koma shayi, kuma sanin wannan yana ba ka iyakar zamanin sulallan kofi na tsibirin.

Game da doka, ƙasashe da yawa suna ɗaukar tsofaffin kuɗi a matsayin kayan tarihi, suna kuma hana fitar da su ba tare da izini ba, saboda haka ka tambayi mai sayarwa daga wace ƙasa zai aiko da kuma ko yana da takardar fitarwa. A Nijeriya, dokar 1979 da ta kafa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa ta hana fitar da kayan tarihi sai da izinin hukumar. Idan za ka aika wata tsohuwar kwandala waje don tantancewa ko gwanjo, ka fara zuwa ofishinsu da hotonta da rasidin sayenta, musamman idan daga waje ka shigo da ita, ka kuma ajiye kwafin duk takardar da suka ba ka a cikin rajistar.